KANAWAN GWANJA: YADDA AKA YI ZAMAN BAƘUNCI BA A YAR DA GIDA BA

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce aka kawo mana wani yaro aji huɗu na sakandare, haifaffen Kumasi ta ƙasar Gana, wanda aka aiko wurin kawunsa nan Kano don ya ƙarasa karatu. Ranar farko da ya buɗe baki a aji sai 'yan'uwansa ɗalibai suka bushe da dariya, saboda yana maganar wata malama ya ce "ya zo" maimakon "ta zo". Kafin a fita tara har sun laƙaba masa suna Ɗan Gana. Da muka zaunar da shi muka tambayi asalinsa, sai ya jero mana kakanni huɗu, ya faɗi unguwar da kakan kakansa ya baro a cikin birni, har da ƙofar da ayarinsu ya fita. Muka juya kan masu dariyar muka ce to, kowa ya jero nasa. Da ƙyar aka sami mutum uku da suka wuce kaka na biyu.

Wannan abu shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihin mutanenmu da fatauci ya kai ƙasar Gwanja da ƙasar Tonawa, wato Asante, suka zauna can suka hayayyafa. Abin da muke son dubawa shi ne yadda zamansu na yau da kullum ya kasance, da kuma dabarun da suka bi suka riƙe zumunci da birnin da suka baro, a zamanin da babu waya babu mota. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, waɗannan mutane sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna ƙoƙarin ƙaryata wannan karin magana.

Hanyar Gwanja

Sanin kowa ne goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma kuma babu aure, babu suna, babu ta'aziyya, babu gaisuwar manya sai da shi. Goron da muka fi so, mai ɓare biyu, a kurmin ƙasar Asante yake fitowa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Amma cinikin bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadi, lokacin da birane suka cika, kuɗi ya yawaita a hannun jama'a, cin goro ya zama ruwan dare.

Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Da yawansu ma ba a cikin birni suke zaune ba, suna garuruwa irin su Bebeji da Madobi da sauran ƙauyukan kudu da yammacin Kano, sai dai kasuwar Kurmi ita ce matattararsu. In kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, sai ayari ya haɗu a ƙarƙashin madugu, da jagaba mai nuna hanya, da malamin da zai duba ranar fita ya kuma riƙe lissafi. A ɗora wa jakuna da takarkarai kanwa da turkuɗi da riguna da jan fata da takalma da gabu. Ba za mu ɓoye ba, a cikin kayan da ake kaiwa har da bayi, domin Salga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani.

Daga Kano sai a yi yamma, a ƙetare Kwara ta Yawuri ko ta Ilo, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗa Sansanin Mango, a bi ta Yandi ta Dagombawa, sannan a sauka Salga. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa kuma yakan ci wata shida har zuwa shekara guda, ga kuɗin fito, ga gaisuwar sarakunan hanya, ga 'yan fashi. Baturen nan mai yawon duniya, Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen cikinsa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobi kusan yawan haka. Nisan wurin da tsadar goron su suka sa mutanenmu suka sa wa wani tsiro mai rina baki suna gwanja-kusa, wato wanda bai sami na ainihi ba ya yi maneji da wannan.

Daga Zango Zuwa Gari

Asalin kalmar zango wurin da ayari ke yada kaya ne a kwana, gobe a tashi. Amma ciniki irin wannan ba ya yiwuwa sai da wanda zai zauna. Tonawa ba su cika barin fataken arewa su shiga kurmi su sayi goro da kansu ba, sai su kawo shi Salga a haɗu a can. Saboda haka dole a sami mutumin da ya san harshen gari, ya san farashi, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Ta haka aka sami 'yan kaka-gida, wato waɗanda suka zo fatauci suka ga wuri suka zauna. Bukkar kwana ɗaya ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida mai zaure, zango ya zama unguwa da masallacinta da makarantarta da mahautarta.

Salga ta bunƙasa har ana yi mata kirari da gari mai rijiya dubu. Amma a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi suka ƙone ta, mutanen Salga suka yi amfani da wannan dama suka ɓalle daga ƙarƙashin Asante. Tonawa kuwa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Daɗin daɗawa, a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar wurin, garin ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Bayan Turawa sun mamaye Kumasi a 1896, suka kuma murƙushe tawayen 1900, sai hanyar kurmi ta buɗe, zangon Kumasi ya fara cika.

A bakin teku ma haka abin yake. A Ankara, wato yadda mutanenmu ke kiran Accra, akwai tsohon zangon da Malam Naino, mutumin Katsina, ya shugabanta, daga baya ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a wajajen 1910. Akwai kuma wani rukuni da bai kamata a manta da shi ba, wato dakarun da Turawa suka ɗebo daga Ikko a yaƙin 1873 zuwa 1874, waɗanda ake kira Hausawa ko da yake da yawansu bayi ne da suka gudo, Hausa kawai suke ji. Da suka ajiye bindiga, zango suka shiga. Ashe ke nan zango bai taɓa zama na Kanawa kaɗai ba. Akwai Katsinawa da Zazzagawa da Kabawa da Barebari da Nufawa da Fulani, sannan ga Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Dagombawa.

Zaman Yau da Kullum

Idan muna son mu fahimci rayuwar zango, sai mu fara daga zauren maigida, wanda kuma ake kira fatoma. Baƙo in ya sauka, tambaya ta farko da za a yi masa ita ce mutumin ina ne. In ya ce Kano, sai a nuna masa gidan Bakano. In ya ce Katsina, a nuna masa na Bakatsine. Maigida zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a yi bashi, shi kuma ya sami la'adarsa in ciniki ya faɗa. Babu takardar yarjejeniya, babu kotu. Abin da ke riƙe da kowa shi ne suna, domin wanda ya ci amana a Kumasi, kafin shekara ta zagayo labarinsa ya isa Kurmi, kuma ba mai sake ba shi ko ƙwarya ɗaya.

Aikin goro kuwa aiki ne na haƙuri. A zauna a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a ware fari da ja, a ware manya da ƙanana, a fitar da mai sankara don kada ya ɓata saura. A ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. A shimfiɗa ganyen fita a naɗe shi a huhu, a riƙa yayyafa ruwa, a kan hanya ma sai an riƙa kwancewa ana dubawa. Yaron da ya tashi a zango da wannan yake buɗe ido, da safe allo, da hantsi rumfar goro, da almuru kuma a koma gaban malam a hasken wuta.

Sauran sana'o'in gida ma duk sun bi ayari. Ga mahauta da Sarkin Fawansu, ga wanzamai masu aski da ƙaho da kaciya, ga maɗinka riga da hula, ga dukawa, ga maroƙa da makaɗa, ga malamai masu rubutun sha da laya, waɗanda tun kafin zuwan Turawa sarakunan Asante ke girmamawa suna neman addu'arsu. A saman duka akwai Sarkin Zango da limami, su ne ke raba gardama, su raba gado, su tsaya tsakanin baƙi da masu ƙasa.

Amma in gaskiya za a bi, mata su ne suka kafa zango. Wasu an taho da su daga gida, wasu kuma 'yan ƙasa ne da aka aura suka musulunta suka koyi Hausa a tsakar gida. Su ne suka riƙe tukunya, tukunyar kuwa ita ta fi komai tuna wa mutum gida. Yau duk wanda ya je Gana zai tarar ana karyawa da koko da ƙosai, kokon ma har sunan Hausawa ake haɗa masa. Zai tarar da shinkafa da wake, wadda suke kira waakye, wato wakenmu ne bakinsu ya juya. Zai tarar da tuwon zafi da fura da tsire. Haka kuma a tsakiyar Ankara akwai unguwanni masu suna Tudu da Fadama, kalmomin da ba sa bukatar a fassara wa Bahaushe.

Igiyoyin Zumunci

To, ta yaya mutumin da ke zaune a Salga ko Kumasi ya riƙe gida alhali tsakaninsu tafiyar wata biyu ko uku ce? Mun ga hanyoyi biyar.

Ta farko ita ce sallahu. Babu ayarin da zai tashi ba a cika madugu da mutanensa da saƙo ba: ga ƙwarya biyu ta gyatuma, ga turmin zane na ƙanwa, ga kuɗin da za a gyara katangar gida kafin damina, ga na sadakar arba'in ɗin wane. In ayari ya juyo kuma a aiko da kuka da daddawa da kanwa da hular da uwa ta sa aka ɗinka. Tsarabar ba yawanta ake dubawa ba, shaida ce cewa ana raye kuma ba a manta ba.

Ta biyu ita ce wasiƙa. Akan je wurin malami ya rubuta da Larabci ko da ajami, a naɗe a sa cikin fata, a kai wa wani malamin a Kano ya karanta wa iyali. Rabin takardar gaisuwa ce, kowa da sunansa, daga tsoho har jariri, domin wanda aka tsallake zai riƙe abin a zuci har shekara ta zagayo. Labarin mutuwa kan iso bayan wata uku, a zauna a yi zaman makoki sabo fil kamar yau aka yi rashin.

Ta uku ita ce aure. Attajirin zango yakan so ko da mace ɗaya daga gida, yakan kuma so ya kai 'yarsa gidan ɗan'uwansa a Kano. Wani ma gida biyu gare shi, ɗaya a kowane bakin hanya. Auren zumunci irin wannan shi ke ɗaure dukiya da amana wuri guda, domin wanda ka aika wa huhu hamsin surukinka ne.

Ta huɗu ita ce riƙo da karatu. Yaro in ya sauke ko ya kusa, sai a haɗa shi da ayari a kai shi Kano ko Katsina ko Zariya ya yi littattafai, ya ga dangi, ya gyara harshe. Littattafan da ake karantawa a zango da yawa daga Kurmi ake sayo su. Alhazan Gwalkwas masu tafiyar ƙasa kuma ta Kano suke bi su wuce Barno da Cadi da Sudan, saboda haka aikin hajji ma ya zama dalilin ziyarar gida. Daga baya ɗariƙar Tijjaniyya ta Shehu Ibrahim Inyas ta ƙara ƙulla Kano da Kumasi da Ankara, malamai da muridai suna kai da komo.

Ta biyar ita ce suna. Mutum yakan liƙa sunan garinsu a jikin nasa har ya mutu. Ɗaya daga cikin sarakunan zangon Kumasi da suka fi suna a zamanin Turawa da Malam Sallau Katsina aka san shi. Jikoki kuma a riƙa mayar musu da sunayen kakannin da ke kwance a maƙabartun Kano, don kada sunan ya ɓace.

Alhaji Umaru, Bakanon Salga

A nan ya kamata mu marubuta mu tsaya mu daɗe, domin mutumin da ya fi kowa bar mana hoton wannan rayuwa ɗan'uwanmu ne a alƙalami. An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kano a wajajen 1858, asalin gidansu kuwa Kabi. Mahaifinsa bafatake ne mai zuwa Gwanja. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya yi yawo ƙasashe, sannan ya zauna a Salga dab da yaƙin 1892. Da garin ya watse sai ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, ya zama limaminta. Ya tafi hajji a 1913, ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Abu biyu ne suka ja hankalinmu game da shi. Na farko, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, da samfurori na yadda ake rubuta wa sarki da malami da aboki. Ɗan fatake ne, ya san cewa jama'ar da ta warwatsu tsakanin Kano da Gwanja ba abin da take bukata kamar takarda mai kyau. Na biyu kuma shi ne yadda ake rubuta cikakken sunansa a littattafansa: al-Kabawi, al-Kanawi, al-Salgawi, wato Bakabe, Bakano, mutumin Salga. Bai zubar da ɗaya don ya ɗauki ɗaya ba, jera su ya yi.

Ya yi waƙoƙi masu yawa da Larabci da Hausa, cikinsu har da ta talauci da wadata, da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara. Haka kuma wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya koyi Hausa a wurinsa, ya sa shi ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa da ajami. Malam Umaru ya zauna a bakin kogin Bolta ya zayyana Kano da Kabi da Sakkwato daga ƙwaƙwalwarsa: yadda ake noma, yadda ake rini da saƙa da ƙira, yadda ake aure da suna, yadda kasuwa ke ci. Masana na Turai da Amurka sun fassara waɗannan rubuce-rubuce sun yi digiri da su. Abin kunya a gare mu shi ne, ɗaya daga cikin bayanai mafi cika da muke da su a kan rayuwar talakan Kano a ƙarni na 19 ɗan zango ne ya rubuta shi, amma ɗalibanmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Tsohon garin da ya zauna ma ruwan madatsar Akosombo ya cinye shi a shekarun 1960.

Jirgi Ya Kashe Ayari

Farkon ƙarni na 20 ya zo da canji. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, na Ikko kuma ya iso Kano a 1911. Sai ya zamana goro na iya bin jirgin ƙasa zuwa teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya sake hawa na ƙasa zuwa Kano cikin 'yan makonni. Madugai da jakunansu suka zama labari.

Wanda ya fi kowa gane wannan da wuri shi ne Alhasan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Ankara da zama, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta sunan ya samo asali. Da ya tasa sai ya bi uwarsa Ankara, ya ga teku, ya ga jirgi, ya shiga cikin na farko-farkon da suka riƙa aiko da goro ta ruwa. Da jarin da ya tara ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana ƙirga shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ashe wani ɓangare na arzikin da Kano ke tinƙaho da shi a zango aka haƙa harsashinsa.

A wannan zamani zumunci ya yi sauƙi ƙwarai. Daga 1912 kuɗi ɗaya ake kashewa a Nijeriya da Gwalkwas, sulen da aka karɓa a Kumasi shi za a kashe a Kurmi. Ga gidan waya ya zo, ana aika takarda da kuɗi. Sai dai a daidai lokacin ne kuma Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a ƙasashen Agege da Shagamu da Ijabu, har suna kiransa gbanja, kasuwar Kano ta koma can. Zango bai mutu ba, mutanensa suka koma cinikin shanu da hatsi da tufafi da aikin mota, amma igiyar ciniki da ta ɗaure shi da Kano ta fara sassautawa.

Ranar da Aka Tambayi Takarda

Mulkin kai ya kawo tambayar da ba a taɓa yi ba: kai ɗan wace ƙasa ne? Gana ta sami 'yanci a 6 ga Maris 1957. Cikin watan Agusta na wannan shekara gwamnatin Nkrumah ta kori wasu manyan zangon Kumasi biyu masu goyon bayan 'yan hamayya, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu ta rufe shari'ar. Kuɗi ma ya rabu: Gana ta buga nata fam a 1958, Nijeriya a 1959, daga baya aka sami sidi a 1965 da naira a 1973.

Babbar girgiza ita ce ta 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban mutane suka karyar da gidaje da rumfuna suka hau manyan motoci. Mafi yawan 'yan Nijeriyar da abin ya shafa Yarabawa ne, amma Hausawa ma sun sha. A nan ne amfanin tsohon zumunci ya fito fili. Wanda ubansa ya riƙe sallahu da wasiƙa, ya sauka a tasha ya faɗi sunan unguwa da na gida, aka buɗe masa zaure. Wanda igiyarsa ta tsinke kuwa ya zo garin da yake kira gida ya tarar ba wanda ya san shi, a can an ce masa baƙo, a nan ma an ce masa baƙo. Wasu sun daure sun zauna, wasu suka lallaɓa suka koma da ƙura ta lafa.

Kada kuma mu ɗora wa Gana laifi mu wanke kanmu. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka fita, alhali tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kaya a ciki har yau sunan wannan kora take ɗauke da shi.

Halin da Ake Ciki

Jikokin fatake yanzu 'yan Gana ne cikakku, da malamai da 'yan majalisa da 'yan ƙwallo a cikinsu. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Ankara a 1919 aka kuma naɗa shi babban limamin ƙasa a 1993, ɗan wannan al'umma ne. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman don raya zangogi, abin da ke nuna yawansu da kuma irin ƙarancin makarantu da aikin yi da ke damunsu.

Hanyoyin zumunci sun sake kama. Rediyo ya maye gurbin madugu: sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 13 ga Maris 1957, mako guda bayan 'yancin Gana, Rediyon Kaduna kuma ya daɗe yana kai gaisuwa har zangogi. Sai kaset, sai finafinan Kano, yau kuma ga wayar hannu da WhatsApp, ana ɗaura aure a Kumasi ana kallo a Ƙoƙi. Amma sauƙin saƙo bai zama yawan zumunci ba. Tsofaffin da suka san wane ɗan wane ne suna ƙarewa, matasa kuma lamba suke da ita, ba su da salsala.

Batun harshe kuwa, gaskiya ne Hausar zango ta daina rarrabe namiji da mace, ta kuma ari kalmomi daga Turanci da harsunan Tonawa da na mutanen Ankara. Dalili shi ne ta zama harshen da Bamoshe da Bazabarme da Badagombe ke haɗuwa a cikinsa, kowa ya sassauta mata inda ya yi masa tsauri. Harshen da ya yi shekara ɗari biyu a tsakiyar wasu harsuna bai mutu ba, har ya ci wasu bakuna, yabo ya cancanta ba dariya ba.

Kammalawa

Muna kira ga 'yan'uwa marubuta da malaman makaranta da mu yi abu uku tun lokaci bai ƙure ba. Mu shiga gidajen tsofaffin fatake a Ƙoƙi da Bebeji da Madobi da makamantansu, mu roƙi a buɗe mana adakoki, domin akwai wasiƙun ajami da gara ke ci. Mu zauna da waɗanda suka dawo a 1969, waɗanda ƙaraminsu yanzu ya manyanta, mu ɗauki labarinsu daga bakinsu. Sannan mu nemi a juya rubuce-rubucen Alhaji Umaru zuwa boko cikin ƙaramin littafi mai araha wanda ɗan sakandare zai iya saya.

Shi kuwa yaron namu, mun ba shi aikin hutu ya rubuto tarihin gidansu. Ya kawo shafi tara, ya ce kakarsa ce ta faɗa masa ta waya daga Kumasi, dare uku suna yi. Mun sa ya karanta a gaban aji da Hausarsa yadda take, ba mu gyara masa ko "ya" ɗaya ba. Da ya gama, wani daga cikin masu dariyar nan ya ɗaga hannu ya ce unguwar da aka ambata unguwarsu ce, kuma ya san gidan. Ranar Juma'a suka tafi tare. Zumunta dai a ƙafa take.